Daga Jakar Wasiƙu: Kada Ka Sayar Da Gona Don Kyamarar Biki

A wannan mako wasiƙu biyu muka haɗa wuri guda, domin ko da yake masu su ba su san juna ba, ciwonsu ɗaya ne.

Ta farko ta fito daga wani saurayi a Kusada. Ga abin da yake cewa: "Malam, shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoton biki da wayar hannu, ana ɗan ba ni na goro. Yanzu ina so in kama sana'ar sosai, amma an ce mini sai na sayi babbar kyamara sabuwa fil. Kuɗin ba ni da su, sai dai akwai wata 'yar gona da na gada, ina shawarar in sayar. Wace kyamara ce ta fi dacewa, kuma yaya ake aiki da ita?"

Ta biyu kuwa wata baiwar Allah ce daga Kankiya, wadda ta aurar da 'yarta ta fari. Ta ce da aka kawo hotuna, rigunan maza sun fito fes, amma fuskoki baƙi ƙirin, har ba a gane wanda ya karɓi auren. Na cikin ɗaki kuma duk dishi-dishi. Daɗin daɗawa, sai ga hoton amarya a shafin Facebook na mai hoton, ba wanda ya tambaya. Tana so ta san laifin kyamara ne ko na mai ita, domin akwai saura biyu a gabanta.

To, madalla da waɗannan tambayoyi. Kai ɗan'uwa na Kusada, amsarka a taƙaice ita ce: kada ka sayar da gonar. Ke kuma Hajiya, laifin ba na kyamara ba ne. Yanzu sai ku gyara zama ku ji dalili.

Kyamara ɗaki ce mai duhu

Ita kalmar kyamara asalinta daga Latin ne, ma'anarta ɗaki. Wataƙila ka taɓa kwanciya da rana a ɗaki rufe, ka ga haske ya shigo ta wata 'yar huda a jikin ƙofa, inuwar masu wucewa tana yawo a bango, kansu a ƙasa. To, ka ga kyamara ke nan. Malamin nan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin wannan al'amari na haske da ɗaki mai duhu. Littafinsa da ya shahara a kan gani da haske shi ne Kitabul Manazir. Sai a 1839 wani Bafaranshe mai suna Dager ya bayyana wa duniya hanyar kama wannan siffa ta zauna. A 1888 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da 'yar kyamara mai fim wadda kowa zai iya riƙewa, kuma a 1975 wani injiniyan wannan kamfani ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta bukatar fim.

Duk wannan canji da aka yi, abu ɗaya bai canza ba: kyamara ba ta ganin amarya, ba ta ganin ango, haske kawai take gani. Shi ya sa Saidu Keita, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako ta ƙasar Mali a 1948, ya yi suna a duniya alhali yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida, da ƙyalle a bayan mutum. Ɗan ƙasarsu Malik Sidibe, mai bin wuraren shagali da dare da 'yar kyamararsa da filasha, shi aka ba babbar lambar yabo a birnin Benis na Italiya a 2007.

Mu ma nan mun ga zamanin fim, tun kafin a ba Kusada ƙaramar hukumarta a 1996 da kuma bayan nan. Fim guda hoto 36 yake ɗauka, sai an kai birni an wanke kafin ka san abin da ka yi. Ni kaina ranar ɗaurin aurena mai hoto ya yi ta ƙyasta mu har la'asar, ashe fim bai kama ba tun farko. Har yau ba ni da hoton wannan rana ko ɗaya, kuma da yawa daga dattawan da suka halarta sun riga mu gidan gaskiya. Wannan shi ne nauyin sana'ar da kake son shiga: ba a maimaita ɗaurin aure don mai hoto ya yi kuskure.

Abu uku da ke riƙe da hoto

Kamar yadda nakan gaya wa ɗalibai lokacin da nake riƙe da alli, murhu duwatsu uku ne. Haka hoto.

Na ɗaya, faɗin ƙofar da haske ke shiga. Ana rubuta shi da harafin f, kamar f/1.8 ko f/8. A lura, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. In ka buɗe ƙofar sosai, haske zai shiga da yawa, amma abin da ka saita kaɗai zai fito sarai, na bayansa ya dushe. Wannan ya dace da hoton amarya ita kaɗai. In mutane ne layi biyu ko uku, sai ka tsuke zuwa f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na baya za su ɓace.

Na biyu, saurin ƙiftawar kyamara, wato tsawon lokacin da ƙofar ke buɗe. In ka ga 1/125, ana nufin daƙiƙa guda an raba ta gida 125 an ɗauki ɗaya. Mutanen da ke tsaye 1/125 ya ishe su. Masu tafiya 1/250. Masu rawa ko mahaya doki 1/500 ko fiye. In ka sauka ƙasa da 1/60 kana riƙe da kyamara a hannu, rawar hannunka ma za ta ɓata hoton. Hajiya, dishi-dishin da kika gani a hotunan cikin ɗaki daga nan ya fito: haske ya yi kaɗan, kyamara ta jinkirta ƙiftawa, mutane kuma suna motsi.

Na uku shi ne ISO, wato yadda ake ƙara wa kyamara ƙarfin jin haske. Da rana a waje 100 ko 200. A inuwa 400. A cikin ɗaki 1600, ko ma 3200. In ya yi yawa hoto kan yi tsaki-tsaki, amma hoto mai tsaki ya fi hoto mai dishi, domin wannan ana gane mutum, wancan ba a ganewa.

Me ya sa fuskoki suka yi baƙi?

A cikin kowace kyamara akwai ma'aunin haske, kuma an gina shi a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa tsaka-tsaki ne, kamar launin toka. To, ka dubi wurin ɗaurin aure a ƙasarmu: farar shadda ko'ina, ga rana tsaka tana dukanta. Sai ma'aunin ya ce haske ya yi yawa, ya rage. Riga ta fito, fuska ta nutse. Ga kuma rana a tsakar ka, ta bar idanu cikin rami.

Maganin abin uku ne. Da farko akwai maɓalli mai alamar tarawa da ɗebewa. Ka ƙara haske da mataki ɗaya, ka duba, ka tabbata aikin wuyan riga bai goge ba. Na biyu, ka kunna filasha ko da rana ce, ka rage ƙarfinta, don ta cike inuwar fuska kawai. Mutane za su ce wannan yaro bai san aiki ba, yana haska fitila da rana. Ƙyale su, ranar karɓar hoto za su gane. Sai dai ka sani yawancin kyamarori ba sa haɗa filasha da ƙiftawar da ta wuce 1/200 ko 1/250. Na uku, wanda ba ya cin ko kwabo, ka matsar da mutane inuwa. Amma ba kowace inuwa ba. Gindin bedi yakan yayyafa wa fuska ɗigon rana kamar mai ƙyanda. Rumfar haya mai ja ko shuɗin tamfol kuma takan rina fuska da launinta. Inuwar bango, ko bakin zaure mutum yana fuskantar waje, ita ce ta fi.

Kayan aiki, daki-daki

Yanzu ga abin da za ka saya, bisa tsarin da ya kamata ka bi.

Uwar kyamara ta hannu ta ishe ka. Alal misali Canon 600D ta 2011, ko Nikon D7100 ta 2013, har yanzu suna aiki lafiya lau. Kada a ruɗe ka da yawan megafiksil. Hoton da za a buga inci 8 da inci 10 bai bukaci fiye da megafiksil 8 ba, alhali ta farkon tana da 18, ta biyun 24. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne gidan memori biyu, kamar yadda D7100 take da shi, domin kowane hoto ya shiga wuri biyu lokaci guda. Sababbin kyamarori marasa madubi a ciki, irin su Sony A7 III ta 2018, suna bin ƙwayar idon mutum da kansu, kuma sun fi jure duhu. Abu ne mai kyau, amma sai sana'a ta saya maka, ba gona ba.

In za ka saya a Kano ko Katsina, tafi da wanda ya san kan abin. A duba maka yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, domin irin waɗannan kyamarori akan ƙiyasta musu ƙiftawa dubu 100 zuwa dubu 150. Sannan ka tsuke ƙofa zuwa f/16 ka ɗauki farin bango. In akwai ƙura ko tabo a ciki za ka gani.

Sai gilashin gaba, wanda masu sana'a ke kira lens. Nan ya kamata kuɗinka su tafi. Wanda ake haɗowa da kyamara, mai 18 zuwa 55, yana da amfani wajen taro da rana, amma in ka jawo shi ƙarshe ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Gilashi mai lamba 50 da f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan, kuma yana cikin mafi araha. Sai dai a kan ƙananan kyamarori irin waɗanda na ambata yakan matso da abu kusa, ɗakunanmu kuwa ba su da faɗi. Saboda haka in ɗaya za ka iya saye, mai lamba 35 ya fi dacewa da ɗakin amarya.

Na uku filasha ta ɗorawa, wadda kanta ke juyawa. Na huɗu batir uku, memori huɗu matsakaita maimakon babba guda ɗaya, da abin hura ƙura. In za ka haɗa da bidiyo, ka nemi maƙafa mai ƙafa uku da ɗan makirfo, domin mutane sukan yafe hoto mai rauni amma ba sa yafe muryar liman da ba ta fita. Faifan mayar da haske kuwa, kwali da farin ƙyalle ya wadatar. Ƙaramin jirgin nan maras matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi daga sama, bar shi tukuna. Ban da tsada, tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa ta ce sai da izini ake tashinsa.

Wayarka ma kada ka raina ta. Ita ce kyamararka ta biyu in babbar ta ƙi. In an ba ka babban biki, ka yi hayar wata kyamarar daga abokin sana'a, ka sa kuɗin hayar cikin ciniki.

Ka san bikin kafin ka san maɓalli

Kwana biyu kafin biki ka je gidan. Ka ga ɗaki, ka ga inda taga take, ka tambayi tsarin: yaushe kamu, yaushe sa lalle, ina za a ɗaura aure, ƙarfe nawa za a kai amarya. Ka nemi yaro ɗan gida wanda zai riƙa nuna maka waliyyi, da wakilin ango, da gwaggo da inna da kakanni. Hoton da za a nema bayan shekara ashirin na tsohuwar nan ne da ke zaune a gefe, ba na abokan ango masu baƙin tabarau ba.

A wurin ɗaurin aure, abin duka ba ya wuce 'yan mintoci. Ka isa da wuri, ka tsaya inda rana take bayanka ko gefenka, ka gwada haske a kan wani kafin a fara. Abin da ba a so ka rasa: miƙa sadaki, ɗaga hannu a yi fatiha, musafaha, rabon goro da alawa. Kada ka tsallake dattawa, kada ka haska wa liman filasha a ido, in cikin masallaci ne kuma ka nemi izini tukuna.

Wajen kamu da lalle da wunin biki, nan ne gizo ke saƙa, domin sha'anin mata ne, kuma gidaje da yawa ba za su bar namiji baƙo ya shiga ba. Shawarata, ka koya wa ƙanwarka ko matarka aikin. Mace mai kyamara tana shiga inda ba za ka taɓa shiga ba, kuma amarya ta fi sakin jiki da ita. A zaunar da amarya kusa da taga ko bakin ƙofa, haske yana zuwa ta gefe, a riƙa farin ƙyalle ta ɗaya gefen. A saita a kan idon da ya fi kusa. Hannun lalle, da sarƙa, da jeren ɗaki, a ɗauke su tun kafin jama'a su cika.

In za ka yi aiki da filasha a ɗaki, kada ka harba ta kai-tsaye, domin fuska mai kwalliya za ta yi ƙyalli, inuwa kuma ta tsaya a bango kamar aljani. Juya kanta sama ta daki farin silin ta dawo a tausashe. In rufin kwano ne ba silin, ko bangon kore ne ko ruwan hoda, sai ka ɗaura farin kati a bayan kan filashar. Ka kuma riƙe wannan ƙa'ida: in nisa ya ninka biyu, hasken filasha kashi ɗaya cikin huɗu yake saura. Shi ya sa na gaba kan yi fari fat, na baya su yi duhu. Ka tara mutane nisa ɗaya da kai.

Hoton ango da amarya da na dangi, ka roƙa a bar shi sai bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. A hoton taro ka ɗauki uku ko huɗu a jere, don ba a rasa mai ƙifta ido. Da dare, wajen dina ko kai amarya, ka buɗe ƙofa, ka ɗaga ISO, ka bar ƙiftawa wajen 1/60 tare da filasha don fitilun wurin su ma su fito. In ka ga ratsi-ratsi a bidiyo saboda ƙwan lantarki, ka sa ƙiftawa 1/50 ko 1/100, domin wutarmu bugu 50 take yi a daƙiƙa. In kyamararka tana ɗaukar hoto ɗanye, wanda ake rubutawa RAW, yi amfani da shi. Ya fi karɓar gyara in launi ya karkace.

Ƙura, zafi da ajiya

Bukukuwanmu sun fi yawa bayan kaka da kuma gab da azumi, sau da yawa cikin hunturu da hazo. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar kyamara. Kada ka canza gilashi a fili. Shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakin kyamarar ƙasa. In za ka hau babur tsakanin Kusada da Kankiya, sa ta a leda kafin jaka. Kada ka goge gilashi da bakin riga, kada ka bar ta a mota cikin rana. Ka cika batir tun jajibiri, kada ka dogara da wutar gidan biki.

Da ka koma gida, kafin ka kwanta, ka kwafe hotunan wuri biyu. Kada ka goge memori sai ka miƙa aiki hannun masu shi.

Amana

Yanzu sai ƙorafin Hajiya na ƙarshe, wanda a wurina ya fi sauran nauyi. Wanda aka bari ya ga amarya ba lulluɓi, amana aka ba shi. Hoton na masu biki ne. Sa shi a Facebook ko TikTok don talla ba da izini ba cin amana ne, kuma irin wannan yana iya jawo rigima tsakanin dangi biyu tun amarya ba ta kwana bakwai ba. Ban da haka, tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Saboda haka, ɗan'uwa, in kana son hoton talla, ka tambayi ango da amarya da iyayensu. In sun ce a'a, shi ke nan.

Ke kuma Hajiya, kafin bikin na gaba, ki ce mai hoto ya nuna miki aikin biki guda cikakke, ba zaɓaɓɓun hotuna biyar ba. Ki dubi na rana, ki dubi na ɗaki. Ki tambaya ko yana da mace mai taya shi, da kyamara ta biyu. A rubuta a takarda: hoto nawa, albam ko firam, yaushe za a kawo, nawa aka bayar, nawa ya rage, da sharaɗin ba za a sa ko ɗaya a intanet ba. Waɗancan da suka yi duhu kuma kada ki zubar. In ainihin hotunan suna nan a memori ko kwamfuta, mai gyara zai iya ceto wasu.

Kai kuma na Kusada, ka noma gonarka bana. In ka sayar da amfani, ka sayi kyamara ta hannu da gilashi ɗaya. Kafin nan ka bi wani gwani kana riƙe masa jaka biki biyar ko goma, kana kuma gwaji da ƙannenka a tsakar gida, safe da rana da dare, har hannunka ya san maɓalli ba sai ka duba ba. Kyamara takan tsufa cikin 'yan shekaru, gona kuwa jikokinka ma za su ci. In ka fara, ka rubuto mana mu ji yadda ta kaya.

Nan za mu dasa aya. Sauran wasiƙun da ba mu samu karantawa ba, a yi mana haƙuri, suna nan a jaka. Allah ya ba amare da angwaye zaman lafiya, ya sa albarka a sana'ar kowa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.